Tayoyin Baba Kallamu

Motar tana kaiwa tsakiyar hawan Kwarin Ɗinya ta fara tari. Ina tsaye a gefen hanya, na dawo daga yi wa jaririna allurar rigakafi, goye da shi, 'yata Aina'u tana riƙe da gefen hijabina. Baba Kallamu ne a sitiyari, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu, a-kori-kurarsa maƙare da takin da ya ɗebo daga birni. Ya sa giya ɗaya, inji ya ɗau kuka kamar zai tsage, amma manyan tayoyin nan huɗu da garinmu ya yi wata biyar yana zancensu sai juyawa suke da ƙyar, har suka tsaya cak.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Ya sauko ya ba ɗansa Yahya, wanda ya zo hutun kwana biyu daga birni, sitiyari, shi kuma ya zagaya baya tare da wasu magidanta uku da ke dawowa daga gona. Da ya hango ni sai ya washe baki. Shi Babarbare ne, ni Bafulatana, abokan wasa ne mu, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

"'Yar Fillo, ajiye yaron nan ki zo ki tura motar ubangidanki."

Na ce masa mu shanu muke korawa, ba ma tura kayan Barebari. Ya yi dariya, ya kafa kafaɗa. Motar ta motsa, ta ja jiki ta hau tudu, masu turin suka bi ta da sassarfa. Shi kaɗai ya rage a baya. Ya zauna a ƙasa dafe da ƙirji, hularsa ta faɗi cikin yashi bai ɗauka ba.

Maigidana Tasi'u ne ya kai shi asibiti a motarsa. Suka ce zuciya ce, suka riƙe shi kwana biyu, suka sallame shi da magunguna cike da leda.

Sana'arsu ɗaya da maigidana, motarsu ma iri ɗaya, sai dai tamu ta fi sabunta. Da rani su ɗebo taki daga birni, da kaka su kai gyaɗa da albasa kasuwa. Shekara uku ana zaune lafiya, sai ran nan Baba Kallamu ya dawo daga Kano motarsa ta ƙara tsawo. Tayoyi ya sa mata masu faɗi da manyan haƙora, irin waɗanda muke gani a motocin masu aikin titi. Majalisar ƙofar masallaci ta tashi kaf aka zo kallo. Matarsa Iya Amsa sai an ajiye mata turmi take iya hawa, amma in ta hau, daga sama take gaishe mu. Ranar wani biki a Gezawa motocin biyu suka tsaya kusa da juna, ina gaban tamu, kaina daidai gwiwarta. Ban ci abincin bikin nan da daɗi ba.

Wadda ta ƙarasa mu kuwa Aina'u ce. Ita ce 'yata ta fari, wadda ake cewa in riƙa kara da ita, ni kuma ban iya ba. Baba Kallamu amaryarsa yake ce mata, kullum ya ɗaga ta ya zaunar a kan taya ta gaba tana kaɗa ƙafa. Wata rana mahaifinta yana cin tuwo ta jingina da shi ta tambaye shi ko motarsa ƙanwar ta Baba Kallamu ce, kuma yaushe za ta girma. Ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya wanke hannu.

Tun daga ranar babu zancen da ake yi a gidanmu sai na taya. Da maigidana ya rasa inda zai samo kuɗin irin tayoyin sai idonsa ya sauka a kan tunkiyar Aina'u. Innata ce ta ba ta ranar da aka yaye ta, tunkiyar ta haifi biyu, ga wani cikin. Ni nake yi musu ciyawa, ni nake ɗebo musu ƙaiƙayi da dusa. Ya ce aro zai yi, da kaka ya mayar. Na ce masa ni ma ina son in zauna a sama in gaida mutane, Allah ya sani, amma tumakin nan su ne makarantar yarinyar nan, su ne maganinta ran da zazzaɓi ya zo da tsakar damina. Ya ce ban san mota ba. Gaskiyarsa ce, ban sani ba. Muka yi wata biyu a haka, in ya shigo ya tsaya bakin turke yana kallo, ni kuma in fasa abin da nake yi ina kallonsa.

Kwana huɗu da dawowar Baba Kallamu daga asibiti na dama kunun gyaɗa bayan la'asar na kai masa. Yana kwance a kan katifa a ɗakin Iya Amsa, an tokare masa baya da matasai biyu, ƙafafunsa sun kumbura. Ya sha kaɗan, ya ce Fulani sun fara koyon girki. Da Iya ta fita ɗauraye kofi sai ya yafito ni da hannu, ya tambaye ni ko gaskiya ne Tasi'u yana bin Yahya da tambayar inda ake sayar da tayoyin. Na ce gaskiya ne.

Ya daɗe yana numfashi kafin ya ci gaba. Ya ce da can jarkar mai ɗaya take kai shi birni ta dawo da shi har da saura, yanzu kuwa sai ya tsaya a hanya ya ƙara, shi ya sa yake ɓoye ƙaramin galan a bayan kujera. Ya ce tayar tana da nauyi, injin kuma ba a yi shi don ita ba, kamar ka sa wa jaki takalmin raƙumi. In babu kaya ba a ganewa, amma da an loda mata sai ta zama tsohuwa, hawan da take yi da giya biyu sai da ɗaya, wani lokacin ma sai da turi. Birki ba ya kamawa da wuri. Kulocinta sau biyu yana ƙonewa, a can birni yake gyarawa don kada makanikin garinmu ya ji.

Na tambaye shi to me ya sa bai cire ba.

"In cire, mijinki ya gani?" Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. "Ke ba ki san abin da yake yi mini ba. Kullum da safe sai ya wuce ni a hanyar Gezawa, ya danna mini oda sau biyu, ya ɗago hannu. Gaisuwa yake, na sani. Ni na koya masa ɗaure kaya da igiya. Shekara talatin ina kan titin nan, yaro ya zo da sabuwar mota yana bar mini ƙura. Na ce in ba zan fi shi gudu ba, bari in fi shi tsawo."

Mu muna can muna hana kanmu barci a kan motarsa, ashe shi tamu yake kallo.

"Kada ki bari ya taɓa tunkiyar amaryata," in ji shi. "Amma kada ki ce ni na faɗa. Ki bar mini wannan, Maijidda, in tafi da shi."

Ban taɓa jin ya kira sunana ba sai ranar. Na ce masa na yi alkawari.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika, Iya Amsa tana shafa masa ruwa a leɓe. Salatinta na jiyo ta kan katanga ina tsakiyar wanki. Kafin a tafi masallaci an kai shi. Aina'u ta tambaye ni ko Baba Kallamu ya tafi birni ne ba da mota ba, na ce eh, na shige ɗaki.

Bayan sadakar uku Yahya ya shaida wa maigidana cewa magada sun yarda a mayar wa motar ƙananan tayoyinta, tunda suna nan a jingine a zaure, manyan kuma a sayar, kuma Tasi'u ne ya fi cancanta ya saye su. Tasi'u ya shigo yana sauri kamar an yi masa bushara. Ya ce ya yi magana da dillali, zai zo ganin tumakin ranar Juma'a da safe. Na ce ban yarda ba. Ya ce ai ba shawara ya kawo ba. Maganar da Baba Kallamu ya faɗa mini tana bakina, in na furta ta an gama, amma mai ita yana kwance kwana uku a ƙasa, kuma abu ɗaya ya roƙe ni.

Ranar Laraba ina taya Iya Amsa tsintar shinkafa ta ce ana neman wanda zai ɗauko danginsu daga Rijiyar Zaki gobe don sadakar bakwai, da buhunan hatsi da itacen da suka tara. Ta ce in roƙar mata Tasi'u. Da na koma gida na isar da saƙon, na ƙara da nawa. Na ce ai ya fi kyau ya je da motar marigayi, dangi su gan ta, shi ma ya ɗanɗana abin da zai saya. Bai bari na rufe baki ba.

Da sassafe ya zuba mata mai daidai yadda yake zuba wa tasa in zai yi wannan tafiyar, ya goge gilashi da hannun rigarsa, ya hau. Na gan shi daga ƙofa yana gyara zama a can sama, yana ɗaga wa 'yan majalisa hannu.

Azahar aka sa ran dawowarsu. Aka yi azahar, aka yi la'asar, tuwon sadaka ya huce. Sai gab da magariba motar ta shigo gari, baƙin suna biye da ita a ƙasa, tsofaffi suna jan ƙafa, wata tana faɗa da Barbarci. Daga bakin matan na ji labari. Mai ya ƙare musu tun kafin Gezawa, suka zauna gindin bishiya direba ya hau acaɓa da jarka. A hawan Kwarin Ɗinya kuma sai da kowa ya sauka, aka sauke rabin itacen.

Ya shigo gida rigarsa duk ƙasa, yana warin fetur. Na kai masa ruwa bayi, na ajiye masa tuwo. Ya fara ci. Can ya ɗago ya dube ni.

"Kin san haka take?"

"Ni na taɓa tuƙi?" na ce, ina gyara wa jariri kwanciya.

Ya ci gaba da kallona, sannan ya sunkuyar da kai. A hankali ya ce dattijon nan wata biyar yana fama da ita shi kaɗai, ko sau ɗaya bai nuna ba. Ya ce Allah ya jiƙan Baba Kallamu. Na ce amin.

Da safe dillali ya yi sallama. Ina bakin turke ina zuba dusa, na ji maigidana daga zaure yana ba shi haƙurin wahalar da ya sha, ya ce tumakin na yarinya ne, ba na sayarwa ba ne.

Har yau ba a sami mai sayen tayoyin ba, Yahya kuma bai zo ya cire su ba. Motar tana tsaye a ƙofar gidansu inda Tasi'u ya ajiye ta. In na fito sai na kalle ta, don har yanzu ta fi tamu kyau. Da yake akwai fili a ƙarƙashinta, kajin Iya Amsa sun mayar da wajen gida. Jiya da rana na hango wata ta kwanta a inuwar taya ta baya, 'yan tsakinta sun leƙo ta ƙarƙashin fiffike.