Malam Birki a Kujerar Baya

"Birki!" in ji shi, ya doka ƙafarsa ta dama a ƙasan motar, inda babu komai sai shimfiɗar roba.

Auta ba ta taka ba, don babu abin da za a taka wa birki. Motar da ke gabansu tana can nesa, ko lambarta ba a iya karantawa. Ta cije leɓe, ta ce wa mahaifin nata wannan ne karo na ƙarshe. In ya ƙara, za ta tsaya ta tare masa tasi, kuma daga yau ya nemi mai kai shi gidan yayarsa ranar hutu, ita ta sauke.

Ya san ba barazana ba ce kawai. Duk yayyenta da haka suka fara, yanzu kowa tasi yake aiko masa. Uwarsu kuwa ta rantse gara ta taka da ƙafa. Auta kaɗai ta rage, kuma wannan 'yar tafiyar ce kawai yake samun ya zauna kusa da ita har ya ji labarin aikinta. Yana son tafiyar nan fiye da yadda zai iya faɗa.

Malam Birki sunan da ɗalibansa suka laƙaba masa ne, har ya bi shi gida. Rabin rayuwarsa a kujerar gefen direba ya yi ta, cikin motar koyo mai birki na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami. Kuma Allah ya rufa asiri. Makarantar da ya fara da wata akwalar mota yanzu samari ke tafiyar da ita, motoci jere, shi nasa ya leƙa ya yi faɗa ya dawo. 'Ya'ya sun kama gabansu, jikoki lafiya lau. An yi masa aikin ido, likita ya ce yanzu ya fi wasu samarin gani, amma shi da kansa ya ajiye makulli, wai bai yarda da idon da aka taɓa ba.

To me ya rage? Ba komai, sai abin nan da ke zaune masa a ƙirji. Bai kai tsoro ba, wani ɗan zugi ne kamar ƙarar firiji, wadda ba ka lura da ita sai gida ya yi tsit. Da ya gaya wa likitan, yaron ya yi murmushi ya ce ya riƙa jan numfashi a hankali. Numfashi! Duk karatun da aka kashe wa ɗan nan, ƙarshensa ya koya wa dattijo numfashi.

Ya dubi titi ya ja tsaki. Ga wani da hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a kunne, yana dariya kamar a falon gidansu. Ga mai babur da ya ɗauka sigina kayan ado ce. Duk jakai ne, lasisin ma da gani sayensa suka yi. Amma babu wanda ya kai mijin Auta ba shi haushi. Ga shi can a baya, ƙato da shi, malamin makaranta wai, ya jingina kai da gilashi ya rufe ido tun kafin su bar layin gida. Kullum haka. Matarka na tuƙi cikin waɗannan dabbobin kai kana sharar barci? Ai wannan ko buhun siminti ya fi shi amfani, shi aƙalla yana danne mota.

A shataletale wata bas ta ɗan matso daga gefe. Auta ta gan ta, har ta rage gudu. Shi ma ya ga ta gani. Duk da haka hannunsa ya tafi da kansa ya cafki sitiyarin, motar ta yi 'yar tangaɗi, na bayansu ya danna musu oda.

Ta gangara gefen titi ta kashe mota.

"Sauka, Baba."

Ya fara bayanin bas, ta katse shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kai ka koya mini tuƙi. Ko fenti ban taɓa gogewa ba. In har yanzu ban iya ba, to kai ne ba ka iya koyarwa ba."

Kunya ta rufe shi, don gaskiya ta faɗa. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya tsaya a rana kamar wanda aka kora daga aiki. Sai ga buhun simintin ya farka, yana ba matarsa haƙuri ƙasa-ƙasa, wai a bar Baba ya dawo baya, can ya fi iska. Ta ce to, amma ko tari ya yi, shi ke nan.

Kujerar baya, wurin yara da kayan cefane! Ya shiga yana haɗiye takaici. Auta ta ƙure rediyo don haushi, ta ja mota. Nan ya gane bayan ya fi muni, titin rabi-rabi yake ganinsa ta tsakanin kujeru, kalmar birkin nan kuma ta taso masa har baki. Ya waiga, surukin nasa har ya sake rufe ido. Malam Birki ya yi ƙwafa, ya ce a ransa wasu dai an halicce su ba zuciya.

"Baba," in ji surukin, murya can ƙasa, idonsa a rufe. "Ba barci nake ba. Ban taɓa barci a mota ba."

Malam Birki ya zuba masa ido. Sai yanzu ya lura da hannun mutumin, ya damƙe gefen kujera har jijiyoyi sun fito.

"Ba tuƙinta ba ne. Ko a gida haka nake, komai lafiya amma gabana na faɗuwa. Ba ya tafiya. Na dai lura in na buɗe ido, a kanta nake sauke shi."

Malam Birki ya so ya raina wannan dabarar, ya kuwa raina ta. Ƙarya ce tsagwaronta, dabarar ragwaye. Wata babbar mota ta yi gurnani kusa da su, bakinsa ya buɗe da kansa. Ya rufe shi, ya rufe ido.

Abin bai tafi ko'ina ba, ƙaruwa ma ya yi. Kowane rami sai ya ji shi a hanjinsa. Kunnensa ya kama aikin ido, yana jin inda ta sauya giya, inda ta sassauta, inda ta ba wani hanya. Gumi ya jiƙa masa baya. Maza biyu, masu gemu, sun lafe a bayan mota suna wasan barci kamar yaran da suka ji tafiyar uwarsu. Tir! Can ya ji an rage ƙarar rediyo a hankali, sannan aka kashe ta gaba ɗaya. A kwanar ƙarshe, ta shiga layin yayarsa, bai ji ƙarar sigina ba. Ya tabbata ba ta sa ba.

Motar na tsayawa Auta ta fita da sauri, ko jakarta ba ta ɗauka ba. Tsohuwar na zaune a ƙofar gida tana jiransu.

"Gwaggo, kin san me? Baba ya yi barci a motata."

Muryarta irin ta ranar da ta ci jarrabawar tuƙi ce. Ya fito yana dafa ƙofa, maganar sigina tana kan harshensa. Yayarsa ta ƙare masa kallo, ta ce ita ba ta yarda ba, wannan da ko a gadonsa ba ya barcin kirki? Auta ta juyo tana jiran ya ba da shaida.

"Na ɗan runtsa," in ji shi.