Sabulun Dogon Yaro

Da Yasira ta gama karatun kimiyyar sinadarai, sai ta dawo Wara jiran bautar ƙasa. Aikinta na kammalawa a kan man da ke cikin 'ya'yan itatuwa ta yi shi, shi ya sa ta kasa wuce 'ya'yan dogon yaron da ke zube a ƙofar gidansu ba ta tsuguna ba.

Mahaifiyarta Uwani ta daɗe tana yin ƙuli da sabulu, tana kaiwa kasuwa. Yasira ta shaida mata cewa ƙwayar nan da ake sharewa cike take da mai, kuma maiƙon da ya fi yawa a cikinsa irin na man gyaɗa ne; ɗacin da warin wasu sinadarai ne daban suka kawo su. Uwani ta jawo turmi.

Suka shanya, suka ɓare, suka daka, suka murza da ruwan ɗumi har mai ya fito. Wari ya cika gidan kamar an soya tafarnuwa. Sabulun farko kuwa ya ƙi daskarewa, ya zauna a kwano kamar kunu. Uwani ta yi ta dariya har da hawaye.

Yasira ta koma ta yi nazari. Washegari ta ce, "Inna, man kaɗe za mu ƙara. Maiƙonsa mai tauri ne, shi ya sa yake sanƙarewa ko ba sanyi. Na dogon yaro ruwa-ruwa ne."

Uwani ta auna da idonta, Yasira ta auna da sikeli, suka ga awon bai yi nisa da juna ba. Wannan karon sabulu ya kama, aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka jera a inuwa ya huce.

Maƙwabcinsu Ishaya masunci ne ya fara gwadawa. Da ya dawo daga ruwa ya tsaya a zaure, ya ce matarsa ta aiko a ƙaro uku, don tun aurensu ba ta taɓa jin hannunsa babu ƙarnin kifi ba sai yanzu.

Kafin Yasira ta tafi sansanin bautar ƙasa, sabulun ya kai Yelwa ta hannun 'yan jirgin ruwa. Ranar tafiyarta Uwani ta cusa mata ƙullin ƙwallon aduwa a jaka, ta ce idan ta samu ɗakin gwaji a can, ta dubo mata abin da ke cikin wannan ma.