Akurkin Aminatu

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas, Aminatu ta tafi Maiduguri jinyar ɗanta, ta bar wa maƙwabciyarta Kellumi amanar kajinta goma sha ɗaya a unguwar Gwadabawa, bakin kogin Binuwai. Abu ɗaya ta roƙa: "Adda, ramukan nan na saman akurki, kar a toshe. Ta nan suke shan iska."

Ita kuwa Kellumi, Allah Ya yi ta da tausayi, Ya kuma haɗa mata da taurin kai. Da sanyin Binuwai ya sauko, irin wanda ko ruwan alwala sai an ɗumama, ta ga kaji sun takure, ta ce wannan ai mugunta ce. Mutum na cikin bargo, kaza na shan iska? Ta kwaɓa laka ta liƙe ramukan tas, ta rufe ƙofa da buhu, har da kaskon garwashi ta ajiye musu a ciki, wai gwaninta.

Da safe ta ɗaga buhun, wani wari mai yaji ya doke ta har ido. Bango ya jiƙe sharkaf. Tara sun miƙe ƙafa.

Kafin ma ta yi kuka, sai da ta ɓamɓare lakar, ta ɓoye kaskon, ta share wurin. Abin da ya fi cin ta daga baya ke nan, kunyarsa ta fi ta kajin.

Bayan mako biyu Aminatu ta dawo, ta tarar da kaji biyu suna tsince-tsince.

"Ciwon kaji ne, ko?"

"Haka dai ake ta faɗi a unguwa," in ji Kellumi, idonta a ƙasa.

"Useko, Adda, na gode. Na bar ki da wahala." Ta miƙa mata tsarabar turaren wuta. Kellumi ta ji da ma mari aka kwaɗa mata.

Washegari da hantsi Aminatu ta leƙo da fartanya a hannu. Ta ce malamin gona ya ce akurkin da ciwo ya shiga sai an rushe shi, an ƙone wurin.

"Mijina marigayi Hayatu ya gina da hannunsa, shi ne aikinsa na ƙarshe. Ni ba zan iya saran farko ba. Ki fara mini."

Gaskiya ta taso wa Kellumi har maƙogwaro. Ta buɗe baki, sai ta ga Aminatu na share hawaye da bakin zane, tana sa mata albarka tun ba ta fara ba. Ta rufe bakin, ta ɗaga fartanyar.