Masaƙar da Ta Yi Shiru

Malam Haruna yana tsaye a kan birkila ana jan igiyar harsashin gini, sai ga Uwaisu, ɗan hayarsa na shekara tara, riƙe da makulli.

"Baba, gida zan koma, Ringim. An sallame mu daga aiki."

Makulli na uku ke nan a watan. Da kuwa a Panshekara, tun ba a rufa ɗaki ba ake rububinsa. Shi ya sa ma ya ƙudura sayar da gonarsa ta ƙarshe ya ƙara ɗakuna goma.

Ya hau acaɓa zuwa Challawa, wajen masaƙar da yawancin 'yan hayarsa ke aiki, don abokinsa Muntari maigadi ya haɗa shi da sabbin ma'aikata. Muntari ya saurare shi, ya ɗauki makullai.

"Zo ka gani da idonka."

Shekara ashirin Malam Haruna yana jin rurin injunan nan daga gona, bai taɓa shiga ba. Da ƙofar ƙarfen ta buɗe, sai ya tsaya cik. Ɗaki ne da zai haɗiye unguwarsu gaba ɗaya. Ba inji ko ɗaya, sai ramukan da aka ciro su a daɓe. A madadinsu dilolin atamfar waje ne, layi bayan layi, an gina su har rufi, tantabaru na shawagi a samansu cikin hasken rana. Ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Ya yi tari, tarin ya dawo masa daga can ƙurya.

"Ikon Allah," ya ce. "Wa ya saƙa duk wannan?"

"Wasu, a wata duniya. Tirela ce ke kawowa."

"Mutum nawa ke aiki a nan yanzu?"

"Mu huɗu. Da, dubu biyu ne."

Malam Haruna ya shafa wata dila da tafin hannu. Sanyi ƙalau.

"Masaƙun Bompai ma haka ne," in ji Muntari, "na Sharaɗa ma sun kama hanya. Ka dakatar da ginin nan. Amma mai kayan na neman inda zai ƙara zubawa, nan ya cika. Ɗakunanka uku da 'yan haya suka bari, suna yoyo?"

Malam Haruna ya tuna tsakar gidan hayarsa da safe, hayaƙin girki, shanya, 'ya'yan ma'aikata na guje-guje. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya daɗe yana kakkaɓe ta.

"Ba sa yoyo," ya ce a hankali.