Kukan Babur ɗin Yaya

Da Auta ya juye baƙin man babur ɗin a cikin tsohuwar roba, sai ya ga wani abu yana ƙyalli a ƙasa. Ya tsoma yatsa ya murza. Garin ƙarfe ne, mai laushi kamar kwalli. Ya daɗe a tsugune yana kallon yatsan.

"Injiniya, zinariya ka tono ne?" in ji mai walda, maƙwabcin rumfarsa, yana ɗage baƙin gilashi zuwa goshi.

"Inji ne ya fara cin kansa."

"Ai ni na daɗe da sani. Kana gyara na mutane, naka yana kuka kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wallahi da kanka kake korar kwastoma."

"Ba nawa ba ne," in ji Auta.

Na Yayansa ne. Dogon babur ne mai nauyi, kujerarsa ƙasa-ƙasa, ƙahonsa a buɗe kamar na bijimi, silinda biyu, salansa biyu da tsatsa ta fara lasa. Dattijo suke kiransa. Ranar da Yaya zai tafi neman aiki a ƙetaren teku ya jefo wa Auta makulli, ya ce, "Riƙe min shi. Ka yi duk abin da za ka yi, kada ka bari ya kwanta." Da farko yakan kira duk mako. Sai kiran ya yi ta ja da baya, har wata rana lambar ta daina shiga. Shekaru sun tura, babu wanda ya zo ya ce ya rasu, babu wanda ya ce ya gan shi.

Auta ya san ciwon Dattijo sarai. A cikin injin akwai wata 'yar sarƙa da ke daidaita bawul da fistin, ta tsufa ta saki. Duk lokacin da aka sassauta totur sai ta riƙa dukan murfi, caraf-caraf-caraf. Tun Yaya yana nan take yi, shi kuwa ya hana a taɓa, wai muryar Dattijo ke nan. Yanzu ta fara gurzar ƙarfe. Ranar da ta tsallake haƙori, fistin zai daki bawul, kuma kayan irin wannan inji sun ƙare a kasuwa. Sabuwar sarƙar ma da ƙyar ya samo ta. Tana nan rataye a ƙusa cikin ledarta, har ƙura ta rufe rubutun.

Abin da ya hana shi ɗauko ta yana gida. A bakin lungunsu akwai kwalbati, dole mai babur ya saki totur kafin ya karya kwana, a nan ne kukan yake tashi. Inna kuwa, tunda idonta ya yi rauni, kullum da yamma tana zaune a bakin ƙofa tana saƙa da lalube. Da ta ji kukan sai hannunta ya tsaya, ta ɗago kai, fuskarta ta washe kamar an buɗe taga. Sai ya kashe inji ya yi sallama, hasken ya koma inda ya fito.

"Auta ne? Sannu da dawowa."

Ba ta taɓa cewa komai ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Amma abin ya tsaya masa a rai. Wani lokaci yakan ce wa kansa yaudara ce, kullum yana kawo wa tsohuwa ɗan da ba shi ba. Wani lokaci kuma sai ya tsargu da kansa, ko dai kishi ne ke sa shi son gyaran, don ya gaji da isowa gida a cikin muryar wani? Idan kishi ne, to gyaran ma ba shi da tsarki, ko da inji yana bukatarsa.

Mai walda ya jawo benci ya zauna. Ya san labarin, shekararsu nawa suna shan shayi a kofi ɗaya.

"Ka ji shawarar banza," ya ce. "Canza sarƙar. Ni kuma in liƙa maka ɗan falankin ƙarfe a ƙarƙashin salansa, in bar shi sako-sako. Zai yi maka caraf-caraf har ka gaji. Inji ya huta, Inna ta ji abinta."

Shawarar ta shiga ran Auta. Har ya fara tunanin inda za a liƙa falankin. Sai ya girgiza kai.

"Wannan kukan na yanzu, Yaya ya ji shi da kunnensa. Naka kuwa ni da kai za mu ƙera."

"To malamin tunani, sai ka zauna inji ya fashe, ku rasa kukan ku rasa babur."

Wannan maganar ce ta tashe shi. Ya sauke tanki, ya cire kujera, ya kwance murfin kan inji, yana jera notuna a kan tsumma yadda ya ciro su. A ƙarƙashin kujerar ya tarar da wayar da Yaya ya taɓa ɗaure batir da ita, murɗin ɗan bahago, ta hagu. Bai taɓa ta ba. Tsohuwar sarƙar ta fito baƙa wuluk, tana lilo kamar igiya. Ya saka sabuwa, ya daidaita alamomin, ya juya inji da hannu yana kasa kunne, ya sa sabon gaskit, ya zuba mai. Da ya tayar, Dattijo ya amsa da wani gurnani mai santsi. Ya murɗa totur ya saki. Babu komai.

"Kai, ango!" in ji mai walda. Da ya ga fuskar Auta sai ya sauke gilashinsa ya koma kan aikinsa.

Auta ya wanke tsohuwar sarƙar da fetur, ya naɗe a tsumma ya sa a aljihu, bai san dalili ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso kwalbatin. Ya saki totur, ya karya kwana. Inna tana wurinta, kanta a sunkuye, yatsunta suna tafiya. Har ya tsaya a gabanta ba ta ɗago ba.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Inna."

Ta karkata kunne wajen injin da bai kashe ba tukuna. "Babur ɗin wa ka aro?"

"Dattijo ne. Na gyara shi. Da na bar shi, da ya mutu."

Ta ajiye saƙar a cinya. Auta ya kashe inji ya tsuguna kusa da ita, yana jiran faɗa ko kuka.

"Kana tsammanin ban san kai ne ba, duk kwanakin nan?" ta ce a hankali. "Na sani mana. Shi da gudu yake shigowa kamar ana bin sa, kai kuwa kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma daga kwalbati zuwa ƙofar nan akwai ɗan nisa. A ɗan nisan nan nake ganinsa."

Auta ya sa hannu a aljihu. Ya ciro tsumman ya ɗora mata a tafin hannu. Ta warware, ta bi sarƙar da yatsu gaɓa-gaɓa, ta girgiza ta kusa da kunne. Sarƙar ba ta yi wani kuka ba, sai ɗan sautin ƙarfe.

"Wannan 'yar abar ce?"

"Ita ce."

Ta dunƙule hannu a kanta. "Ya ce kada ka bari ya kwanta, ko?"

"Haka ya ce."

"To ka yi daidai." Ta goge ido da bayan hannu. "Tashi ka koma bakin titi ka sake shigowa, in saba da sabuwar muryarsa. In ba haka ba gobe ma sai na tambayi wa ke nan."

Ya hau, ya fita har bakin titi, ya juyo. Daga kwalbatin ya hango ta, kunnenta a karkace, sarƙar a hannunta, tana saurare. Fuskarta ba ta washe ba. Ya rage gudu sosai, don hanyar ta ƙara mata tsawo.