Kwatancen Senhor Custódio

Senhor Custódio ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a garin Tavira, don haka babu lungun da bai san inda ya ɓulle ba. Da ya yi ritaya, sanin hanyar nan ya rasa aikin yi, shi kuwa ya nema masa wani.

Kullum da hantsi yakan zauna a bencin da ke gindin bishiyar lemo, daidai bakin lungun da ke gangarawa gidan abincin Dona Ermelinda. Gidan ba shi da allon suna. Ɗaki ne guda mai 'yan tebura, da murhun gawayi a tsakar gida ta baya, da taga ɗaya da iskar kogi ke shigowa ta cikinta. Kujerar da ke jikin tagar ta Custódio ce. Tun rasuwar matarsa a kanta yake cin abincin rana, kuma a duniya ba abin da yake tsoro kamar ya shigo wata rana ya tarar da wani a kai.

Idan zafi ya kama, baƙi kan cika garin, fatarsu ta yi jawur, suna tafe suna kallon waya. Ƙamshin gasasshen kifin sardin ɗin Ermelinda kuwa ba ya zama a lungu, har bakin titi yake fitowa ya jawo mutum ta hanci. A nan suke cin karo da dattijo mai fara'a. Sai ya miƙe, ya cire hula, ya haɗa 'yan kalmomin Ingilishin da ya tsinta a bayan ambulan da nunin hannu.

"Ku miƙe har gada, ku haye, ku bi bakin kogi. Inda kuka ga manyan laimomi da hotunan abinci a allo, to nan mu 'yan gari muke ci."

Idan wani ya ce, wannan ƙamshin fa? Sai ya girgiza kai cikin tausayi.

"Wata tsohuwa ce ke gasa wa kyanwoyinta kawunan kifi."

Abokan teburinsa, Firmino mai aski da Aníbal tsohon matuƙin kwalekwale, sun san da zancen, har sukan saya masa gahawa don yabawa. Ermelinda kaɗai ba ta sani ba. Takan tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu, ta ce, "Gari maƙil da mutane, amma ba mai leƙo ni. Ko hannuna ne ya tsufa?"

"Baƙi ba su san daɗi ba, Dona Ermelinda," in ji Custódio. "Ƙaro mini tattasai."

Wata Talata sai ga wata mata tana jan akwati mai taya, da faffaɗar hula da baƙin tabarau. Ba ta tambayi inda ake cin abinci ba. Sunan Ermelinda ta kama kai tsaye, da harshen da ya ɗan karkata wajen Faransanci. Custódio ya ga wannan ta fi sauran hatsari, don haka ya dafa ƙirji.

"Ayya, baiwar Allah, kin makara. Ta rufe. Gwiwa ce ta matsa mata, ta koma wajen ɗanta a Beja. Amma idan kika miƙe har gada..."

Matar ta zare tabarau ta dube shi daga hula har takalmi. Sannan ta ciro waya.

"Yaya, ni ce Natércia, na sauka. Wai kin koma Beja wajen ɗanki?"

Muryar da ta fito daga wayar, da ba wayar ma da an ji ta daga cikin lungun.

"Wane ɗa? 'Ya'yana duk mata ne. Wa ya gaya miki?"

"Wani gajeren tsoho mai gashin baki. Hularsa kamar an kwana a kanta."

Ermelinda ta gane shi nan take.

"Riƙe mini shi."

Ba sai an riƙe shi ba. Shi ya ja akwatin da kansa har ƙofa.

Shari'ar ba ta ɗauki lokaci ba, domin shaidu sun yi saurin sauya sheƙa. Firmino ya ce shi dama ya daɗe yana jin abin bai kwanta masa ba. Aníbal ya ce kunnensa na hagu ba ya ji, kuma ta hagu Custódio ke zama. Da zancen kyanwoyi ya fito, Natércia ta yi dariya har ta zauna a kan akwatinta. Ermelinda ba ta yi ba.

"Ni ina nan ina zargin hannuna," ta ce a hankali, "ashe kare na ajiye a bakin lungu, ina kuma ciyar da shi."

"Don a kiyaye mutuncin wurin ne, Dona Ermelinda. Su fa da wuƙa da cokali suke cin sardin."

"Ko da ƙafa suke ci. Saurara, maƙwabci. Ba za ka ƙara ɗanɗana ko zaitun ɗaya a gidan nan ba sai ranar da na ga kowane tebur da baƙo a kai. Kai ka kore su, kai za ka dawo da su."

Custódio ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Wanda ya iya tura mutane hagu ai zai iya tura su dama. Washegari ya goge takalmi, ya tsaya a tsakiyar hanya, da ganin wasu mata da miji ya tare su da murmushi har kunne, yana nuna lungun da hannu biyu. Mijin ya leƙa lungun, ya ga duhu, ya jawo jakar matarsa zuwa gabansa, suka ƙara sauri. Wasu suka ce a nuna musu hoton abincin. Wata yarinya ta juyo masa da waya, ta ce wurin ba ya ciki, kamar dai ta kama shi da ƙarya. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Lokacin da yake ƙarya har godiya ake yi masa, yanzu da ya koma gaskiya ana kallonsa kamar ɗan damfara.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Da rana ya koma gida ya dafa ƙwai ya ci a tsaye. Firmino kuwa sai ya biyo ta gaban bencin yana sakace.

"Yau farfesun kifi aka yi, tsoho. Ba ka rasa komai ba, romon ya ɗan yi yawa, sai da muka ƙara burodi."

"Allah ya sa reza ta zame maka."

Ran Asabar rana ta buɗe sosai, hayaƙin murhun Ermelinda ya biyo iska ya zauna masa a hanci. Ya haƙura da tare mutane, ya koma benci ya ja hula ya rufe ido. Sai ya ji an tsaya a kansa. Iyali ne guda, uba dogo kamar falwaya, suna shaƙar iska suna nuna lungun. Yunwa ta riga ta cinye fara'ar Custódio.

"Ba naku ba ne," ya ce, ko tashi bai yi ba. "Na 'yan gari ne. Ba allo, ba hoto, ba zaɓi. Abin da teku ta bayar da safe shi za a dire muku. Mai wurin kuma mafaɗaciya ce, ni kaina ta kore ni. Ku nemi wani wuri."

Uban ya dubi uwar. Idanunsu suka yi haske kamar an ce musu ga inda aka binne zinariya. Suka bi lungun a jere, suna tafiya a hankali don kada a hana su.

Custódio ya ɗaga hula ya bi su da kallo. Ya daɗe yana shafa gashin baki. Da wasu suka zo, sai ya ƙara ɗaure fuska, ya ce musu kada ma su gwada. Na bayansu ya rage murya ya roƙe su, in sun shiga, kada su gaya wa kowa. Kafin ƙararrawar coci ta buga ta tsakar rana, har jira ake yi a bakin ƙofa.

Ya kutsa ciki yana gyara kwala. Kowane tebur da baƙo. Firmino da Aníbal an matse su a kusurwa guda, gwiwar hannunsu na karo. A jikin taga kuwa, a kan kujerarsa, dogon mutumin nan ne ya miƙe ƙafafu, iskar kogi na kaɗa masa gashi.

Natércia ta ja shi ta hannun riga zuwa tsakar gida ta baya, inda Ermelinda ke juya kifi, gumi na zuba, fuskarta kuwa ta yi shekara goma baya.

"Na cika alkawari, Dona Ermelinda."

"Ka cika." Ba ta juyo ba. "Wancan dogon yana jin yarenmu kaɗan. Ya ce wani tsoho ya gargaɗe su wai ni mafaɗaciya ce."

Custódio ya dubi ƙofa, ya auna nisanta.

"Dabara ce kawai ta..."

"Gobe ka ƙara da cewa ina jifa da ludayi." Ta ɗora manyan sardin a kan yankan burodi, ta zuba gasasshen tattasai da man zaitun, ta miƙa masa. "Ungo."

Ya karɓa da hannu biyu. Sai da ƙamshin ya ɗan dawo masa da ƙarfin hali sannan ya ce, "To, kujerata fa?"

"Kujera ta wanda ya riga zuwa ce."

"Ai ni nake riga kowa zuwa."

"Da can. Yanzu kana bakin aiki har ɗaki ya cika."

Natércia ta kife masa akwatin tumatir kusa da buhun dankali. Ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa, hayaƙi na shiga masa ido. Ya ɓare fatar kifin farko da yatsa, ya kai baki, ya lumshe ido. Bai ɗago kai ba sai da ya cinye har burodin.