Jijiyar da Ta Ƙi Saki

Shekara tara ke nan Yaya tana aiki a ɗakin bincike na asibiti, kuma aikin nata duk a kan cibiyar jarirai yake. In an haihu, uwar ta yarda ta sa hannu, sai a kawo mata guntun cibiyar cikin ƙanƙara. Ta zaro jijiyar jini, ta yanka ƙanana kamar zobe, ta rataye a ruwan ɗumi, sannan ta ɗiga maganin da ke sa jijiya ta saki. In ta saki, sai layin da ke kan kwamfuta ya gangaro.

Ranar Talata aka kawo mata cibiyar ɗan ƙanwarta Auta, wadda ta sha fama da hawan jini tun cikin yana wata shida. Yaron ya zo ɗan mitsitsi, har an sa shi a kwalba. Yaya ta ɗiga maganin, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Da ƙyar layin ya motsa.

Da azahar ta sauka duba Auta. Tun daga ƙofa ta jiyo muryar uwar mijin Auta tana ba 'yan dubiya labari, wai yarinyar ce ta ƙi cin abinci don kada ta yi ƙiba, ga shi ta tsotse mata jika. Auta ta juya fuska bango. Mijin, wanda shi ya riƙa kai ta awo, likita ya yi masa bayanin hawan jinin ya fi sau biyar, yana zaune yana latsa waya.

Ran Yaya ya ɓaci, amma sai da ta gaishe da tsohuwar. Sannan ta ce, "Mama, da hannuna na gwada cibiyar yaron nan. Jijiyar a matse take, ta ƙi buɗewa. Ko buhu Auta ta cinye, kaɗan ne zai isa gare shi."

Tsohuwar ta tsuke baki, ta tambayi wa ya ba da izinin yayyanka mata cibiyar jika. Yaya ta nuna mijin Auta, ta ce ga sa hannunsa can a takarda, kusa da na matarsa.

Sai a lokacin ya ɗago. Ya ce ai dama likita ya faɗi wani abu mai kama da haka.

"Tun da ta haihu ake zaginta a gabanka," in ji Yaya, "kana da baki."

'Yan dubiya suka fara neman takalmansu. Tsohuwar ta fita ba sallama, ɗan ya bi ta da jaka.

Da ɗakin ya yi shiru, Auta ta ce ita fa har ta fara yarda laifinta ne. Yaya ta cire farar rigarta ta aiki, ta kama ta, suka tafi a hankali ɗakin da yaron yake.